Yadda Ake Fassara Tsakanin Sinanci da Malayanci

Duk wanda aka miƙa wa takarda aka ce ya juya ta daga Sinanci zuwa Malayanci, ko daga Malayanci zuwa Sinanci, kada ya yi saurin buɗe ƙamus, domin akwai tambayar da ta riga ƙamus: wane Sinanci ake so, wane Malayanci, kuma wa zai karanta. Kalma ɗaya ta isa ta nuna dalili. A Taiwan, *guóyǔ*, wato "harshen ƙasa", Sinancin Mandarin take nufi. Amma idan Basine ɗan Maleshiya ya ce ɗansa ya ci jarrabawar *guóyǔ*, Malayanci yake nufi, saboda shi ne harshen ƙasa a can bisa sashe na 152 na tsarin mulkin 1957. Shi Mandarin ɗin *huáyǔ* yake ce masa, mutumin Beijing kuma ya ce *pǔtōnghuà*. Mai fassarar da bai san inda aka rubuta takarda ba zai iya juya ma'anar jimla gaba ɗaya, alhali kowace kalma ya duba ta a ƙamus.

Asalin zaman tare

Harsunan biyu ba dangi ba ne. Malayanci yana cikin dangin Ostronesiya, wanda ya bazu daga Madagaska har tsibiran tekun Pasifik, kuma an samu rubutunsa a kan duwatsu a tsibirin Sumatra tun ƙarni na 7. Bayan zuwan Musulunci aka riƙa rubuta shi da ajami, wanda suke kira Jawi, kamar yadda ake gani a dutsen Terengganu na 1303. A yau rubutun boko, wato Rumi, shi ne na yau da kullum, kuma a 1972 Maleshiya da Indonesiya suka daidaita ƙa'idar rubutunsu. Sinanci kuwa harshe ne mai karin sauti, ana rubuta shi da alamomi maimakon baƙaƙe, kuma tsarin Pinyin da ake koyon furucinsa da shi an amince da shi ne a 1958.

Abin da ya haɗa su shi ne kasuwanci. A ƙarni na 15 jiragen ruwan Zheng He, jagoran ayarin jiragen Sin, sun sha yada zango a Melaka, wani gari na gaɓar teku a Maleshiya ta yau, kuma tun zamanin daular Ming aka tattara jerin kalmomin Malayancin Melaka da fassararsu cikin Sinanci domin amfanin tafintoci. Sinawan da suka zauna suka yi auratayya da mutanen ƙasa su ne suka zama Baba da Nyonya, masu nasu karin Malayancin gauraye da Hokkien, wani karin Sinanci na kudancin Sin. A ƙarni na 19 kuma haƙar kuza ta jawo ɗimbin baƙi daga kudancin Sin. Wannan batu na kudu yana da muhimmanci ƙwarai ga mai fassara, domin waɗannan baƙi ba Mandarin suka zo da shi ba. A Maleshiya, Hokkien ya yi rinjaye a Penang da Klang, Kantonanci a Kuala Lumpur da Ipoh, Hakka a Sabah, Foochow kuma a Sibu. Mandarin ya bi ta makarantu da jaridu ne ya zama harshen rubutu. Saboda haka kalmomin da Malayanci ya aro daga Sinawa kusan duk da furucin Hokkien suka shigo: *teh* shayi, *mi* taliya, *tauhu* awara, *kuih* kayan ƙwalama, *tauke* maigidan kasuwanci, *angpau* jan ambulan na kyautar kuɗi.

A nan ne tarko na farko yake. Kalmar *kongsi* ta Malayanci da *gōngsī* ta Mandarin alamomin rubutunsu ɗaya ne a asali, amma *gōngsī* kamfani ce, *kongsi* kuwa a bakin Bamalaye na yau tana nufin yin tarayya a kan abu ko raba shi da wani. Kamfani *syarikat* ne, kalmar da aka aro daga Larabci. Aron ya bi ta ɗaya hanyar ma. Sinawan Maleshiya suna cewa *bāshā* daga *pasar*, kasuwa, da *gānbǎng* daga *kampung*, ƙauye, kuma kuɗin ƙasar, ringgit, *lìngjí* suke ce masa, yayin da jaridun Beijing ke rubuta *línjítè*. Idan mai karatu ɗan Ipoh ne, *bāshā* ita ce daidai. Idan ɗan Shanghai ne, a rubuta masa *càishìchǎng*, in ba haka ba zai tsaya yana zare ido. Haka nan a tambayi irin rubutun da ake so. Sin da Singapo da Maleshiya suna amfani da sauƙaƙaƙƙun alamomi, Taiwan da Hong Kong kuma suna riƙe da na gargajiya.

Ginin jimla

Akwai wuraren da harsunan suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, har aikin ya zo da sauƙi. Dukansu suna fara jimla da mai aiki, sai aikatau, sai abin da aikin ya faɗa wa, kuma a cikinsu babu wanda aikatau ɗinsa yake sauya siffa saboda lokaci. Ƙananan kalmomi ne ke nuna ko aiki ya auku. *Sudah* ta yi daidai da *le* ko *yǐjīng*, *sedang* da *zhèngzài*, *pernah* da *guo*, *belum* kuma da *hái méi*. "Na taɓa zuwa Melaka" ita ce *Saya pernah pergi ke Melaka*, ita ce kuma *Wǒ qùguo Mǎliùjiǎ*. Wanda ya bi ta wani harshe na uku kafin ya isa yakan cusa wa jimlar lokutan da babu su a ko ɗaya daga cikin harsunan biyu, shi ya sa fassara kai tsaye ta fi tsabta.

Inda suka rabu shi ne wurin ajiye sifa. Malayanci yana kawo suna tukuna, bayaninsa ya biyo baya: *rumah besar*, gida babba, *buku saya*, littafina. Sinanci kuwa bayani ne ke gaba, suna ya zo ƙarshe: *dà fángzi*, *wǒ de shū*. A gajeriyar jimla wannan ba komai ba ne. *Orang yang datang semalam*, mutumin da ya zo jiya, ya zama *zuótiān lái de rén*, an juya shi baibai kawai. Wahalar tana cikin takardun hukuma da na shari'a, inda marubucin Malayanci zai iya jera *yang*, wato "wanda", uku ko huɗu a bayan suna guda, mai karatu yana binsa ba tare da gajiya ba saboda ya riga ya san abin da ake magana a kai. Idan aka kwashe wannan jeri duka aka tara shi a gaban suna a Sinanci, mai karatu zai yi layi biyu bai san mene ne ake sifantawa ba. Hanyar da ta fi ita ce a ambaci sunan da wuri, sannan a yanka bayanin zuwa gajerun jimloli masu bin juna. Idan kuma daga Sinanci ake fitowa, sai a yi akasin haka: a nemo sunan da ke ƙarshen doguwar sifa, a fara da shi, a kuma ƙara kalmomin haɗi irin su *kerana* da *supaya* da *walaupun*, domin Sinanci yakan jera gaɓoɓin magana da waƙafi kawai ya bar wa mai karatu ya gane alaƙarsu.

Abu na biyu shi ne ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, waɗanda Malayanci ya dogara da su, Sinanci kuma bai san su ta wannan hanya ba. Daga saiwar *ajar* ake samun *belajar* koyo, *mengajar* koyarwa, *pelajar* ɗalibi, *pengajar* mai koyarwa, *pelajaran* darasi, da *pengajaran*, wadda kan nufi izina. A Sinanci waɗannan kalmomi ne daban-daban, *xué* da *jiāo* da *xuésheng* da sauransu. Ƙamusun Malayanci, har da Kamus Dewan na Dewan Bahasa dan Pustaka, hukumar kula da harshen Malayanci da aka kafa a 1956, suna jera kalmomi ne a ƙarƙashin saiwa, don haka dole mai fassara ya iya tuɓe kalma. Wanda yake neman *menulis* zai same ta a ƙarƙashin *tulis*, *memukul* a ƙarƙashin *pukul*, *menyapu* a ƙarƙashin *sapu*, saboda ɗafa-goshin yana haɗiye baƙin farko.

Daga cikin ɗafe-ɗafen nan, *di-* ya fi ɓata fassara. Rubutun hukuma na Malayanci yana son ɓoye mai aiki: *Mesyuarat akan diadakan pada hari Isnin*, za a yi taro ranar Litinin. Sabon mai fassara yakan mayar da kowane *di-* zuwa *bèi*, alhali *bèi* a Sinanci ta fi zuwa da abin da ya faɗa wa mutum ba da sonsa ba, kamar duka ko sata ko kora. Jimlar taron ba ta buƙatar ta: *Huìyì jiāng yú xīngqīyī jǔxíng* ta wadatar.

Kalmomin ƙirga kuma duka harsunan suna da su, amma ba su raba duniya iri ɗaya ba. Malayanci yana ƙirga mutane da *orang*, dabbobi da *ekor*, wadda asalin ma'anarta wutsiya, manyan abubuwa da *buah*, dogaye da *batang*, masu faɗi marasa kauri da *helai*. Kifi a wurinsa dabba ne, don haka *seekor ikan*. Sinanci kuwa tsawonsa ya duba, ya ce *yì tiáo yú*, da kalmar da yake ƙirga hanya da kogi. Littafi da gida da mota duk *sebuah* ne a Malayanci, amma a Sinanci kowanne da tasa: *běn*, *jiān* ko *dòng*, da *liàng*. Ba a fassara kalmar ƙirga. Sunan ake fassarawa, sannan a ɗauko wadda harshen da aka shiga yake haɗa shi da ita.

Abin da harshe ɗaya ya ɓoye, ɗayan ya tilasta a faɗa

Wannan shi ne ɓangaren da ƙamus ba ya taimako, sai tambaya. *Dia* a Malayanci ba ta bambanta namiji da mace. A bakin Basine ma *tā* ɗaya ce, amma a rubuce dole a zaɓa tsakanin 他 ta namiji da 她 ta mace, don haka tafinta zai wuce lafiya inda mai fassarar rubutu zai tsaya. *Adik* ƙane ne ko ƙanwa, Sinanci kuma sai ya ji ko *dìdi* ne ko *mèimei*. *Datuk* kaka ne namiji ta kowane ɓangare, amma na wajen uba *yéye* ne, na wajen uwa *wàigōng*. *Bapa saudara* ya haɗa wan uba da ƙanen uba da kawu, waɗanda Sinanci ya raba su zuwa *bóbo* da *shūshu* da *jiùjiu*. A labarin ƙirƙira mai fassara zai iya lalubo amsa a wasu shafuka, amma a takardar gado ko ta kotu zato haramun ne. A koma wa mai takarda a tambaye shi.

Ta ɗaya ɓangaren, Malayanci ne ke tilasta zaɓi a kan "mu". *Kami* ba ta haɗa da wanda ake yi wa magana ba, *kita* ta haɗa da shi, yayin da *wǒmen* take ɗaukar duka biyun. Kamfanin da ya rubuta wa abokin ciniki *wǒmen* yana nufin kansa, *kami* ke nan. Shugaban da ke jawabi ga jama'arsa kuwa *kita* yake nufi, kuma idan aka sa masa *kami* an raba shi da mutanensa. Manhajojin fassara irin su Google Translate suna yawan tuntuɓe a daidai wannan wuri, don haka duk rubutun da ya fito daga na'ura a bi wakilan sunansa ɗaya bayan ɗaya.

Haka "kai" da "ke". Sinanci yana da *nǐ* da ta girmamawa *nín*, shi ke nan. Malayanci yana da *anda* ta sanarwa da talla, *awak* ta tsara, *kamu* da *engkau* waɗanda ba a yi wa babba, kuma a zance na ladabi an fi guje musu duka a kira mutum da matsayinsa: *Encik*, *Puan*, *Cik*, *abang*, *kakak*, *pak cik*, *mak cik*. Laƙabi a Malayanci yana gaban suna, a Sinanci yana bayansa, saboda haka *Encik Tan* shi ne *Chén xiānsheng*, *Cikgu Lim* kuma *Lín lǎoshī*. Sarakuna ma suna da nasu kalmomin: sarki *santap* yake yi inda talaka ke *makan*, wato cin abinci, kuma *mangkat* yake yi idan ya rasu.

Sunaye su kansu ba a juya su da ka. Sunan dangi da ake rubutawa 陈 Chen ne a Mandarin, Tan a Hokkien, Chan a Kantonanci, kuma wanda ke kan katin shaidar mutum shi ne sunansa a doka. Garuruwa suna da sunayen da Sinawan wurin suka daɗe da raɗa musu: Kuala Lumpur *Jílóngpō* ce, wadda ta bi sauti, amma Johor Bahru *Xīnshān* ce, Seremban *Fúróng*, Kota Kinabalu *Yàbì*, kuma babu wanda zai iya cankar waɗannan daga furuci. Har sunan Anwar Ibrahim, ɗan siyasar Maleshiya, jaridun Sinanci na Maleshiya irin su Sin Chew Daily *Ānhuá* suke rubutawa, na Sin kuma *Ānwǎ'ěr*.

Maganganun yau da kullum

Gaisuwa aikinta ake dubawa kafin kalmominta. *Apa khabar?* tambayar labari ce, amsarta *khabar baik*, kuma abin da ya fi dacewa da ita shi ne *nǐ hǎo*, ko da yake wannan ba tambaya ba ce. Gaisuwar da ta zo daidai wa daida ita ce ta cin abinci: *Sudah makan?* da *Chī bǎo le ma?* duk kulawa suke nunawa, ba gayyata ba. Wanda bai ci ba zai ce *belum* ko *hái méi*; idan ya ce *tidak* ya zama kamar ya ce ba ya cin abinci. Godiya *terima kasih* ce, a amsa da *sama-sama*, a Sinanci kuma *xièxie*, a amsa da *bú kèqi*. Neman afuwa kan laifi *minta maaf* ne da *duìbuqǐ*, amsarsu *tak apa* da *méi guānxi*. Amma wanda zai tsayar da baƙo a hanya ya yi tambaya *tumpang tanya* zai ce, wato *qǐngwèn*. Wajen rabuwa, *jumpa lagi* ita ce *zàijiàn*. Mai tafiya yana ce wa mai zama *selamat tinggal*, mai zama ya ce masa *selamat jalan*, kuma wannan ta biyun tana kusa da *màn zǒu*, "tafi a hankali", da mai masauki ke faɗa wa baƙo a bakin ƙofa.

Kalmar *qǐng* guda ɗaya tana rabuwa biyu. Idan amfanin na wanda ake yi wa magana ne, *sila* ce: *qǐng zuò*, *sila duduk*, bismillah zauna. Idan mai magana ne ke neman alfarma, *tolong* ce: *tolong buka pintu*, don Allah buɗe ƙofa. A kasuwa, *Berapa harganya?* ita ce *Duōshao qián?*, *mahal sangat* ita ce *tài guì le*, *Boleh kurang?* kuma *Kěyǐ piányi yìdiǎn ma?* Tafinta ya kula da karin sauti, domin *mǎi* saye ne, *beli*, *mài* kuma sayarwa, *jual*. *Saya tidak faham* ma tana da fuska biyu: *tīng bu dǒng* idan magana ce ba a gane ba, *kàn bu dǒng* idan rubutu ne.

Jerin abinci yana buƙatar taka-tsantsan fiye da komai, tunda akasarin masu karanta Malayanci Musulmi ne. A sunayen girkin Sinawa, *ròu* idan ta zo ita kaɗai naman alade take nufi, alhali *daging* ita kaɗai a Maleshiya an fi fahimtar ta da naman sa. Wanda ya mayar da *ròu* zuwa *daging* bisa ƙamus ya sa mutum cin abin da addininsa ya hana. Wajibi ne a rubuta *daging babi* ɓaro-ɓaro. Halal a Sinanci *qīngzhēn* ce, masallaci *qīngzhēnsì*, ƙaramar Salla kuma, *Hari Raya Aidilfitri*, *Kāizhāijié*.

Karin magana a nemi takwararta kafin a yi bayani. Malayawa suna kwatanta mai ƙuntataccen sani da kwaɗo a ƙarƙashin ɓawon kwakwa, *katak di bawah tempurung*, Sinawa kuma da kwaɗon cikin rijiya, *jǐng dǐ zhī wā*. Abin da ya riga ya faru, a Malayanci shinkafa ce ta zama kunu, *nasi sudah menjadi bubur*, a Sinanci kuma itace ne ya zama kwalekwale, *mù yǐ chéng zhōu*. Inda babu takwara, gara a faɗi ma'anar a fili da a ƙirƙiro karin maganar da babu mai yin ta.

Lissafi da bita

Lambobi su ne inda kuskure ya fi tsada. Sinanci yana ƙirga manyan adadi da *wàn*, 10,000, da *yì*, 100,000,000, Malayanci kuma da *ribu* da *juta*. *Sānshí wàn* 300,000 ne, wato *tiga ratus ribu*, *yí yì* kuma *seratus juta*. A fara rubuta adadin da alƙaluma, a ƙirga sifirai, sannan a mayar da shi kalmomi. Rangwame ma a juye yake: *dǎ bā zhé* na nufin za a biya kashi 80 cikin 100, don haka *diskaun 20 peratus* ne. Kwanan wata a Sinanci yana farawa da shekara, a Malayanci da rana. A Maleshiya *pukul tiga setengah* 3:30 ne, daidai da *sān diǎn bàn*, amma *setengah tiga* ta Indonesiya 2:30 ce, kuma *semalam* da ke nufin jiya a Kuala Lumpur daren jiya ce a Jakarta.

Idan an gama, a ajiye asalin takardar a karanta fassarar ita kaɗai da babbar murya, domin kunne yana kama sifar da ta zauna a gurbin da ba nata ba tun kafin ido ya gan ta. Bayan haka a dawo da asalin a bi sunaye da adadi da kwanan wata da kalmomin korewa layi-layi, a tabbatar *bukan* ta tsaya inda ake kore suna, *tidak* inda ake kore aiki ko sifa, kuma a Sinanci *méi*, mai kore aukuwar aiki, ba ta rikiɗe ta zama *bù*, mai kore sifa ko niyya, ba. Kalmomin fannoni a duba su a shafin Pusat Rujukan Persuratan Melayu na Dewan Bahasa dan Pustaka. Takardar da za ta je kotu ko ofishin shige da fice kuma a bincika tun farko ko ana buƙatar hatimin tabbatarwa, irin wanda Institut Terjemahan dan Buku Malaysia ke bugawa a kan fassarar da ta bi ta hannunta.